Harafi Ɗaya a Jininmu: Labarin Duffy, Sauro da Mudun Aro

Shekaru kaɗan da suka wuce ƙanwata ta samu aikin koyarwa, aka ce ta kawo takardar shaidar lafiya. Lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi. Ta je aka ɗebi jininta, washegari aka miƙo mata takarda cike da lambobi, a gefen layi ɗaya an buga tauraro. Layin nitrofil ne, wato fararen ƙwayoyin jinin nan da ke fara isa duk inda ƙwayar cuta ta kutsa, waɗanda muke cewa sojojin jiki. Nata 1,400 ne a kowace maikurolita ta jini, takardar kuma ta nuna cewa na mai lafiya daga 2,000 yake farawa. Wanda ya duba ya ce ƙila taifot ne ya kwanta mata. Ta sha magani na kwana goma, ta koma, lambar tana nan inda take. Aka canza magani. Mahaifiyarmu ta fara raba dare a kan sallaya. Wata rana da yamma yarinyar nan ta same ni a zaure da takardu uku a hannu, ta ce, "Yaya, ko dai wani abu suka gani ba sa son faɗa mini?"

Sai a zuwa na huɗu muka dace da wata likitar jini. Ta jera takardun, ta tambaye ta ko tana yawan zazzaɓi, ko maruru, ko gyambon baki. Babu ko ɗaya. Ta ce, "Malama, ba ki da komai. Haka jininki yake, haka kuma na mafi yawanmu yake. Wannan ma'aunin da ke gefen takarda ba da jininmu aka yi shi ba."

Abin da ya sa jinin ƙanwata yake haka wata ƙwayar gado ce guda ɗaya da ke kan kuromosom na 1, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jikinmu, wadda masana ke kira ACKR1, amma aka fi saninta da Duffy. A kunnen Bahaushe sunan yana kama da dafi, sai dai ba ruwansa da maciji ko kunama. Sunan wani majiyyaci ne a Ingila mai cutar rashin daskarewar jini, wanda aka yi ta yi wa ƙarin jini har jikinsa ya fara ƙin wani jinin. A 1950 Marie Cutbush da Patrick Mollison suka gano cewa akwai wata alama a bayan jajayen ƙwayoyin jini da ba a san da ita ba, ita jikin mutumin yake yaƙa, suka sa mata sunansa. Shekara guda bayan haka aka gano 'yar'uwar alamar, suka zama iri biyu. A 1955 kuma Ruth Sanger da abokan aikinta suka lura cewa yawancin baƙaƙen fatan Amurka da suka gwada ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Jajayen ƙwayoyinsu wayam suke. Wannan ƙwayar gado ce ma aka fara gano mazauninta a kan wani kuromosom da ba na jinsi ba, a 1968, lokacin da wani ɗalibi a jami'ar Johns Hopkins, Roger Donahue, ya ga nasa kuromosom na 1 yana da wata siffa ta daban, ya bi danginsa yana karɓar jini, ya tarar siffar da nau'in Duffy tare suke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Shekara arba'in da 'yan kai ba a san aikin da Duffy yake yi wa jiki ba, an fi saninsa a matsayin rukunin jini, abin da ya shafi masu ajiyar jini. Sai a 1993 aka gane ainihin sana'arsa, kuma nan ne labarin yake da daɗi.

Jikin mutum gari ne mai mutane bila adadin, kuma garin da ba a jin kira a cikinsa ba ya zama lafiya. Idan ƙaya ta soki ƙafa, ƙwayoyin jikin da ke wurin sukan saki wasu ƙananan furotin da ake kira kemokain. Su ne kururuwar neman ɗauki. Inda abin ya faru sun fi yawa, suna raguwa yayin da aka yi nisa, sojan jini kuma yana bin inda ƙarar ta fi ƙarfi har ya iso, kamar mai bin sautin ganga cikin dare. Yadda sojan yake jin kiran shi ne, a jikinsa akwai wasu furotin masu karɓar saƙo, kowanne ya ratsa bangon ƙwayar sau bakwai, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Kemokain ya taɓa kan, sai ɓangaren ciki ya zunguri wani ɗan aike da ake kira furotin G, shi kuma ya tayar da duk cikin gida: a miƙe, a yi gabas.

Duffy ma haka aka gina shi, ratsawa bakwai, kai a waje. Yana kama kemokain fiye da iri 20, abin da 'yan'uwansa ba sa yi, don su kowanne da 'yan kaɗan da ya sani. Amma ɗan gurbin da ake zungurar furotin G da shi, Duffy ba shi da shi. Yana karɓar saƙo, ba ya shigar da shi cikin gida. Da farko har an ɗauka mai gadin da ba ya kai sallama ne, zaman banza yake yi a zaure. Daga baya aka gane cewa aikinsa daidaita ƙarar kiran ne, kuma wannan aiki ya danganta da inda yake zaune.

A bayan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mafi yawa a jini nesa ba kusa ba, Duffy kamar randa yake. Idan kemokain ya yi ambaliya cikin jini, ya tsotse rarar don kada sojoji su ruɗe su yi ta kai hari inda babu abokin gaba. Idan ya yi ƙaranci, ya saki wanda ya riƙe. A bangon ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya kuwa, aikinsa dako ne. Kiran yana fitowa daga tsoka, a bayan bango, sojoji kuma suna gudu a cikin jijiya, ba za su ji ba. Sai Duffy ya ɗauki kemokain daga waje, ya ratsa da shi ta cikin ƙwayar bangon, ya kafa shi a fuskar da jini ke wucewa kamar tuta. Soja ya gani, ya rage gudu, ya manne, ya kutsa ta tsakanin bango ya fita zuwa fagen fama. Mai shela ne da bai ƙirƙiri saƙon ba, bai kuma aiwatar da shi ba, amma shi ke yanke inda za a ji shi da ƙarfin da za a ji shi.

To, me ya same shi a jininmu? A 1995 masu bincike a Faransa, Christophe Tournamille da abokansa, suka samo amsar, kuma ƙanƙantarta ita ce abin mamaki. Ita kanta ƙwayar gadon lafiyarta lau, ba abin da ya gutsure. A gabanta akwai ɗan wurin da wani furotin mai suna GATA1 yake dafawa ya kunna ta, kuma wannan hannun a cikin ƙwayoyin da za su zama jajayen jini yake aiki. A wurin nan harafi ɗaya na DNA, wato rubutun da gado yake ciki, ya canza, T ya koma C. Hannun ya zo ya rasa madafa. A bangon jijiya kuwa wani makunni ne daban ke kunna ta, saboda haka can fitila tana ci. Gida ɗaya ne, an yanke wayar ɗaki ɗaya, sauran ɗakuna da haskensu. Wanda ya gaji wannan harafi daga uwa da uba duka, jajayen ƙwayoyinsa ba su da Duffy. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya irin waɗannan mutane sun haura kashi 90 cikin 100, a wurare da dama kusan kowa da kowa ne. A cikin baƙaƙen fatan Amurka kusan biyu cikin uku ne. A Turawa da mutanen gabashin Asiya da wuya a samu.

Canji ba ya mamaye rabin nahiya haka kawai, sai in yana da wata fa'ida. Hasken farko ya zo ta wata hanya mai ban tausayi. Kafin a samu fenisilin, idan tunjere ya hau ƙwaƙwalwa, da gangan ake sa wa majiyyaci zazzaɓin cizon sauro, don zafin jiki ya kashe ƙwayar tunjeren. Likitan Ostiriya da ya ƙirƙiro dabarar, Julius Wagner-Jauregg, har lambar Nobel ya samu a 1927. Nau'in maleriyar da aka fi amfani da shi shi ne vivax, don bai cika kisa ba. A asibitocin jihohin kudancin ƙasar Amurka sai likitoci suka riƙa ganin ana sa wa baƙar fata vivax, ya ƙi kama shi. Ba wanda ya san dalili sai da wani mai bincike a Amurka, Louis Miller, ya zo. A 1976 ya bayar da rahoton mutum 17 da aka bari sauro mai ɗauke da vivax ya cije su, 11 baƙaƙe, 6 farare. Biyar ne kawai ba su kamu ba, kuma su biyar ɗin nan su ne marasa Duffy. Ashe ƙwayar vivax tana da wani furotin da take cafke kan Duffy da shi kafin ta shige cikin jan ƙwayar jini. In babu marikin, ta yi ta zagaye ƙofa.

Shi ya sa vivax, wanda ya addabi Indiya da Pakistan da Indonesiya da yankin Amazon, yake da ƙaranci a ƙasarmu. Lissafin da aka yi daga DNA a 2017 ya nuna cewa wannan harafi ya fara bazuwa kimanin shekara 42,000 da suka wuce, kuma yana cikin canje-canjen da suka fi saurin mamaye jama'a a tarihin ɗan Adam. Masana suna ja-in-ja kan ko vivax kaɗai ya isa ya yi wannan tankaɗe, tunda a yau ba ya kisa kamar falsifarum, ɗan'uwansa. Wasu na ganin a da can ya fi haka zafi. Samun dangin vivax a jikin gwaggon birai na dazukan Afirka ta Tsakiya ya ƙarfafa ra'ayin cewa a nahiyar nan cutar ta samo asali, kakanninmu kuma suka rufe mata ƙofa har ta yi ƙaura.

A nan dole in ja kunne, don na sha jin ana juya maganar. Rashin Duffy ba ya kare kowa daga maleriyar da ke kashe mana yara. Wannan falsifarum ce, tana da ƙofofi da yawa, ba ta buƙatar Duffy ko kaɗan, kuma ita ce ke sa Najeriya ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Gidan sauro da maganin rigakafin damina suna nan a matsayinsu.

Ko garkuwar vivax ɗin ma an gano tana da ɓaraka. A 2010 Didier Ménard da abokan aikinsa suka tabbatar da vivax a jinin marasa Duffy a Madagaska, wasu har da zazzaɓi. Daga nan rahotanni suka biyo baya daga Mali da Kamaru da Habasha da Sudan, har da kudu maso yammacin Najeriya. A ƙarshen 2023 bincike biyu suka kawo bayani: ashe wayar da aka yanke ba ta mutu murus ba. A cikin ɓargo, wasu daga cikin jajayen ƙwayoyi masu tasowa suna ɗan fitar da Duffy na ɗan lokaci kafin ya ɓace, vivax kuma dama ƙananan ƙwayoyi yake so. Ke nan yana iya laɓewa a ɓargo, kaɗan-kaɗan, inda ɗigon jinin yatsa ba zai nuna shi ba. Wannan ya dame ni saboda dalili biyu. Yawancin 'yan tsinken gwajin gaggawa da ake amfani da su a asibitoci da kemis-kemis namu falsifarum kaɗai suke gani. Sannan vivax yana kwanciya a hanta ya farka bayan makonni ko watanni, kuma magungunan da ke kakkaɓe shi daga hanta, firimakwin da tafenokwin, suna fasa jinin masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ma suna da yawa a cikinmu. Duk shirin da aka gina kan cewa "babu vivax a Afirka ta Yamma" yana buƙatar a sake duba harsashinsa.

Mu koma kan takardar ƙanwata. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce likitoci sun lura cewa mutanen Afirka masu lafiya suna da nitrofil ƙasa da na Turawa. Wasu suka ce abinci ne, wasu suka ce yawan cututtuka ne. A 2008 da 2009 aka bi sawun abin cikin DNA na dubban baƙaƙen fatan Amurka, David Reich na jami'ar Harvard yana cikin masu aikin, sawun kuma ya tsaya cak a kan harafin nan guda. Wani bincike a Boston da aka wallafa a 2023 ya auna mutane masu lafiya, dukansu baƙaƙe: masu Duffy matsakaicinsu kusan 5,000, marasa shi kusan 2,800, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na marasa shi suna ƙasa da 2,000. Launin fata ɗaya, gari ɗaya, bambancin harafi ɗaya.

Ina sojojin suka tafi? Gwajin da aka yi a ɓeraye a 2017 ya ba da haske. A cikin ɓargo, jajayen ƙwayoyi masu tasowa suna zaune kafaɗa da kafaɗa da uwayen ƙwayoyin jini, Duffy kuma yana cikin abin da suke gaisawa da shi. Da aka cire shi daga jajayen aka bar shi a bangon jijiya, daidai yadda yake a jikinmu, nitrofil ɗin da aka haifa sun fito da wata ɗabi'a: saurin barin jini su shiga tsoka, musamman saifa. Ba su mutu ba, ba su gaza ba. Sun bar kan titi sun shiga unguwanni, mai ƙirga kuma a bakin titi yake tsaye. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, binciken da aka yi a mutane bai nuna marasa Duffy suna kamuwa da cututtuka fiye da sauran jama'a ba.

Kowa ya san mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma wanda ya auna hatsinka da mudun da ya fi naka girma zai ce ka yi ƙwauro. Iyakar da littattafan likitanci suka sa, 1,500 ko 2,000, daga jinin Turawa aka ɗebo ta. Na'urorin ƙirga jini suna isowa ɗakunan gwajinmu da waɗannan lambobi a cikinsu, sau da yawa ba mai taɓa su, su kuma su yi ta buga tauraro a gefen sunan masu lafiya.

Da a kan tauraro abin ya tsaya, da sauƙi. A Amurka an bi bayanan baƙaƙen fatan da aka huda wa ƙashi aka ɗebi ɓargo saboda ƙarancin nitrofil kaɗai, aka tarar marasa Duffy a cikinsu kusan duk ɓargonsu lafiya lau yake. An sha wahalar banza. Mai sankara da ake yi wa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, kafin kowane zagaye sai an ƙirga nitrofil, in ya gaza iyaka a ɗage ko a rage magani. Macen da dama can 1,400 ne nata, za a yi ta ɗage mata, ciwon kuwa ba ya jira. Yawancin manyan gwaje-gwajen sababbin magungunan sankara ma da wannan iyaka suke tantance masu shiga, sai a rufe ƙofa ga mutanen da daga baya za a sayar wa maganin. Akwai kilozafin, maganin taɓin hankalin da ake komawa gare shi idan sauran sun gaza, wanda kan iya rushe nitrofil a wasu mutane ƙalilan. An daɗe ana hana shi ga baƙaƙen fata da yawa saboda lambarsu, sai a 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sauke musu iyakar farawa daga 1,500 zuwa 1,000.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne haidroksiyuriya, maganin sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila, kuma a Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin birnin, aka yi gwaje-gwajen da duniya ke kafa hujja da su kan amfani da maganin don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Da nitrofil ake auna yawan da za a ba yaro: a ƙara, a ƙara, har lambar ta kusa iyaka, sai a tsaya. Idan iyakar ta aro ce, yaron da ya fara daga ƙasa za a tsayar da shi tun bai kai adadin da zai rage masa ciwon ƙashi ba, ko a dakatar da maganin gaba ɗaya a kan fargabar da ba ta da tushe. Kusan duk yaran nan marasa Duffy ne.

Sunan da aka daɗe ana kiran abin da shi a Turance yana nufin "ƙarancin nitrofil na ƙabila marar illa". A 2021 likitoci biyu, Lauren Merz da Maureen Achebe, wadda 'yar asalin Najeriya ce mai aiki a Boston, suka ce a bar wannan suna. Hujjarsu ita ce kalmar ƙaranci tana mayar da lafiya cuta, kalmar ƙabila kuma tana sa likita ya dubi fuska maimakon jini. Suka ba da shawarar a danganta shi da Duffy kai tsaye. Ina tare da su ɗari bisa ɗari, musamman a kan maganar fuska. Idan aka nufi arewacin Sahel, ko Muritaniya, ko Sudan da Habasha, masu Duffy suna ƙaruwa, kuma mu mutane ne da fatauci da aikin hajji da auratayya suka cakuɗa tun ƙarnoni. Bahaushen Sudan ko na Agadas ba za a yanke masa hukunci da ido ba. Gwajin kuwa ba sabon abu ba ne: ɗakunan ajiyar jini sun san shi tun shekarun 1950, ɗigon jini ne da ruwan gwaji.

Su masu ajiyar jinin ma suna da nasu dalilin kula da shi. Mai sikila daga cikinmu da ke zaune a Ingila ko Amurka, wanda ake yawan yi wa ƙarin jinin Turawa, jikinsa kan iya ɗaukar Duffy na jinin da aka sa masa a matsayin baƙo ya yaƙe shi, kamar yadda ya faru da mutumin da aka sa wa abin sunansa. Shi ya sa hukumomin jini a can suke ta roƙon 'yan Afirka su fito su ba da jini.

Akwai haɗari a ɗaya gefen, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kada wannan bayani ya zama abin da za a riƙa kore kowace ƙaramar lamba da shi. Taifot na gaske yana saukar da fararen ƙwayoyi, haka cutar HIV, haka sankarar jini, haka wasu magunguna. Wanda lambarsa ta faɗo daga inda aka saba ganinta, ko ta yi ƙasa da 500, ko take tare da zazzaɓi, rama, gyambon baki, ko raguwar sauran ƙwayoyin jini, wannan bincike yake buƙata da gaggawa. Tambayoyin da likitar nan ta yi wa ƙanwata kafin ta ce ba komai, su ne suka raba aikinta da na wanda ya rubuta maganin taifot. Ta kuma rubuta mata a bayan takardar, da biro, cewa wannan ita ce lambarta ta asali, ta nuna wa duk likitan da zai duba ta nan gaba. Ƙanwata ta sa takardar a leda tare da takardun makarantarta. Bara da ta je awon ciki na fari, na'ura ta sake buga tauraron, ta zaro ledar daga jaka ta miƙa wa ungozoma.